Ka faɗaɗa mangala, amma jakin shi ne na jiya

A makon nan zan ajiye batun siyasa a gefe, in yi magana a kan wata tsohuwar mota da darasin da ta koya mini, domin na san akwai irinta da dama a hannun manoma da 'yan kasuwa tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo.

Motar Land Cruiser ce a-kori-kura, ƙirar shekarun 1990, na gaje ta a hannun ƙanen mahaifina. Kamfanin Toyota na Japan ya fara fitar da wannan samfuri ne a 1984, kuma injin da ke cikin tawa, wanda ake kira 1HZ, mai shan man gas ne, silinda shida, lita 4.2. Babu kwamfuta a jikinsa. Mutum da sufana da filaya da haƙuri yana iya gane yawancin ciwonsa. Wannan sauƙi shi ne darajarta. Motocin yau kuwa, idan suka yi tari, sai an kai su Sakkwato an jona musu na'ura kafin a san abin da ke damunsu. Ba mu kaɗai abin ya dama ba: a jihar Masacusets ta Amurka sai da jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2012 don tilasta wa kamfanonin motoci su buɗe wa masu motoci da ƙananan kanikawa bayanan gyara.

Ƙasarmu ba ta raga wa mota. Wanda ya san fadamar kogin Rima ya san cewa da damina laka ce mai riƙe taya kamar ƙaro, da rani kuma yashi da ƙura. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya zama hanyar cin abincin dubban gidaje, amma albasa da tafarnuwa da shinkafa ba su da ƙafar fitowa daga gona. Sai an shiga an ɗauko su zuwa bakin kwalta, a kai kasuwar Achida ko ta Goronyo. A nan ne tsofaffin motocin da ke ja da tayoyi huɗu suke cin tuwonsu.

Na fara taɓa motar da hannuna ne saboda larura. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin komai ya tashi, har da kayan gyara, kuma zuwa gareji a birni kan cinye yini guda. Sai na riƙa zama wurin wani tsohon bakanike a Wurno, ina kallo ina tambaya. Abin da na koya a wurinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi ne ke riƙe da motar har yau.

Na farko, iska. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki, injin ya rasa ƙarfi ya riƙa baƙin hayaƙi. A ciro ta a kakkaɓe a hankali. Idan ta takarda ce kada a wanke ta da ruwa, kada kuma a huda ta don wai injin ya sha iska, domin ƙurar da ta wuce ciki tana cin injin kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Na biyu, mai. Wanda ke sayen gas a jarka wurin 'yan bumburutu ya sani cewa ruwa da datti kan biyo shi. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan matatar mai, inda akwai ɗan murfin da ake sassautawa a tsiyaye shi. Aikin minti biyar ne, amma yana ceton famfon mai, wanda gyaransa kan ci kuɗin buhuna da yawa. Na uku, ruwa. Duk ranar da mota ta ratsa ruwa mai zurfi, a duba man giyar da ke tsakanin tayoyin baya da na gaba. Idan ya koma fari-fari kamar an dama koko, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. Ni na sa dogon tiyo a ƙofar da wurin ke shaƙar iska, na ɗaure bakinsa can sama, tun daga nan matsalar ta kau. Wannan shi ne irin sauyin da nake goyon baya: mai arha, kuma bai saɓa wa yadda aka ƙera motar ba.

Sauran kuwa sanannu ne: giris a farfela da gaɓoɓin sitiyari, duba fanbel da ruwan lagireto da sassafe kafin injin ya yi zafi, rage iskar taya idan za a shiga yashi a mayar idan an fito, da cire giyar tayoyi huɗu da zarar an hau kwalta, domin barinta a busasshiyar hanya yana murɗe ƙarafan ƙasa. Kuma kada mutum ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da katako mai kauri.

Da na tsaya a nan, da ban sami abin rubutawa ba yau. Amma ɗan sani yana da giya. Da na ga hannuna ya fara faɗawa, sai na fara ganin na fi waɗanda suka ƙera motar dabara. An yi ta ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato wajen manyan buhunan albasa goma. Na lissafa kuɗin gas, na ga idan na ɗauki goma sha takwas a sawu ɗaya, na huce sawu na biyu. Sai na sayo ganyen sifirin na gwanjo, na ƙara uku-uku a kowane gefe na baya, na sa mai walda ya ɗaga bodin da ƙarfe. Motar ta miƙe tsaye kamar ingarma, aka loda mata buhu goma sha takwas ba ta ko rusuna ba.

Na kai ta wurin tsohon nan ina jiran yabo. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ƙasa, sannan ya ce, “Malam, ka faɗaɗa mangala, amma jakin shi ne na jiya.” Na ce, “Baba, ai ga ta nan ba ta ko zauna ba.” Ya ce, “Sifirin ka ƙara. Ka ƙara mata birki? Ka ƙara mata boris? Da can idan kaya ya yi mata yawa takan zauna ta gaya maka. Yanzu ka rufe mata baki.” Na yi dariya na tafi.

Mako na uku, muna dawowa daga wata gona a ƙasar Goronyo, ni da ɗana da wani yaron da ke taya mu lodi, sai na ji ƙauri. Kafin in gama tantance daga ina yake, bayan motar ya fara rawa. Na taka birki, nauyi ya ci gaba da tura mu, da ƙyar ta tsaya a gefen hanya. Boris ɗin tayar baya ya ƙone, kusoshi biyu sun karye, tayar ta karkace saura ƙiris ta fita. Rana kuma ta yi ja.

Mai karatu na wannan yanki ba ya bukatar in fassara masa ma'anar tsayawa a daji da almuru. Ba mu manta da Tabanni ta ƙasar Rabah ba a watan Yulin 2018, ba mu manta da kasuwar Goronyo ba ranar 17 ga Oktoban 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutane da dama. A da, lalacewar mota asarar lokaci ce: a shimfiɗa tabarma, a kwana, gari ya waye a nemo bakanike. Yau kuwa batun rai ne. Babura uku suka wuce mu babu wanda ya tsaya, kuma ban ga laifinsu ba. Na dubi yaron nan da iyayensa suka ba ni amana, na tambayi kaina abin da zan gaya musu idan wani abu ya faru, alhali ni na jawo da hannuna saboda kuɗin sawu ɗaya. Allah Ya kawo wani dattijo da amalanken shanu, ya kai mu ƙauyensu muka kwana. Washegari muka tarar da motar da kayanta lafiya, amma kuɗin gyara da na ɗaukar kayan a wata mota sun ninka abin da na yi tunanin na tsimi. Garin neman ƙiba na samo rama.

Na cire ƙarin sifirin, na koma buhu goma. Ban daina gyara da hannuna ba, hasali ma na ƙara himma, sai dai na ja wa kaina layi. Duk abin da ya shafi tsabta da mai da giris da ɗaure abin da ya sassauta, nawa ne, kuma a ƙofar gida nake yinsa da rana tsaka, ba a bakin hanya ba. Duk abin da ya shafi birki da sitiyari da walda a jikin ƙashin mota, na masu sana'a ne. Duk sauyin da zai sa mota ta ɗauki abin da ba a yi ta dominsa ba kuwa, ba nawa ba ne, ba na bakanike ba ne, domin babu mai iya yinsa lafiya. Irin waɗannan motoci ba buhuna kaɗai suke ɗauka ba. A ranar kasuwa akwai mata da yara zaune a kan kayan.

Ina kira ga ƙungiyoyin manoman albasa da na direbobi a ƙananan hukumomin nan uku da su nemi tsofaffin kanikawanmu tun suna raye, su biya su, su koya wa matasa wannan duba na yau da kullum kafin kowace kakar kwasar amfanin gona. Su kuma shugabannin tasha su riƙa duban lodi da idon rahama, su hana abin da ya wuce kima ko da mai motar zai ji haushi. Gwamnati ce ke da alhakin gyara hanya da tsare ta, kuma ba za mu gaji da tuna mata ba. Amma buhu na goma sha ɗaya, mu muke ɗora shi.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.