Ra'ayinmu: Ribar daga ina take fitowa?

A watan Afrilun 2025 manhajar CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, bayan ta yi musu alƙawarin ninka jari cikin kwana 30. A Ibadan har ofishinta fusatattu suka fasa. Ba sabon abu ba ne: a Disambar 2016 MMM ta daskarar da asusun mutane, hukumar NDIC kuma ta ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Duka biyun ta waya suka shigo, a zaurukan WhatsApp da Telegram da Facebook, daga bakin wanda aka yarda da shi.

Sai dai a yi adalci, wayar nan ta koyar da mutane. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, mai shayi da mai kayan miya sun koyi tiransifa ba tare da sun taka ƙofar banki ba. Gajerun bidiyo da shirye-shiryen rediyo na kiran waya ne suka yi aikin. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, a kafafen labarai mutane da yawa suka fara jin cewa ajiyarsu tana da inshora har naira miliyan 5. Bayanin Sukuk da na bankin da ba ruwa ya isa gidajen da jami'in banki bai taɓa yi wa sallama ba.

Matsalar tana ga irin ilimin da ke yaɗuwa. Dubi guguwar "mainin" ta 2024, lokacin da matasan Arewa suka kwana suna dangwalar manhajar Hamster Kombat, aka fashe a watan Satumba, akasarinsu ba su samu ko kuɗin data ba. Sun iya buɗe walat, sun haddace sunayen kwandaloli, amma kaɗan ne suka tambayi wane ne zai biya, kuma da wane kuɗi. Mai tallar kuwa ba malami ba ne, dillali ne: duk wanda ya shiga ta hannunsa yana da la'ada a kansa. Hoton alat shi ke tashe, domin wanda ya ci riba yana shela, wanda aka cuta kuma kunya ta rufe masa baki. Haka mai kallo yake ganin kamar kowa ci yake yi.

Hukuncinmu shi ne kafafen sun yi amfani, amma ba su wanku ba, har da gidajen rediyo da jaridu. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu damfara irin ta CBEX da MMM. Muna son ganin hukumomi sun bi sawun masu tallar ma, taurarin TikTok ne ko na fim. Kada wata kafa ta karɓi tallar zuba jari sai ta ga rajistar hukumar SEC mai kula da zuba jari, domin takardar CAC da ake ɗagawa a bidiyo shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Malamin da aka tambaya ko abin halal ne, shi ma ya fara neman wannan rajista kafin ya ba da fatawa. Ita kuma SEC ta daina tsayawa ga sanarwar Turanci a shafinta. Ta fito da gargaɗinta da Hausa, a rediyo da TikTok, tun kafin wata manhajar ta rufe.