A Gwada Sassaƙen Kafin a Ɗura wa Akuya

Wanda ya zauna a Nima ko Maamobi ya sani akuya ita ce asusun talaka. Da damina ta sauka sai ka ga dabba ta rame, cikin fatar idonta ya yi fari fat, haɓarta ta kumbura. Sau da yawa tsutsar ciki ce take shan jininta. Nan da nan mashawarta su taru. Wannan ya ce sassaƙen maɗaci, wancan ya ce ganyen dogon yaro, wata ta ce 'ya'yan gwanda.

Ba ni da faɗa da itatuwan nan. Akwai 'yan'uwa a ikkilisiya masu ganin duk abin da aka saro daga daji tsafi ne. Sun yi kuskure, amma kuskurensu bai kashe akuyar kowa ba. Faɗana da mai tallar kwalba ne, wanda ba shi da hujja sai "tun kaka da kakanni". Tambaye shi awon da za a ba ɗan akuya da na babban rago, ka ji ya fara rantsuwa. Idan dabba ta tashi, maganinsa ne. Idan ta mutu, kwananta ne ya ƙare.

Gwajin kuwa ba asiri ba ne. A raba dabbobi kashi biyu, a ba wa kashi ɗaya, a hana ɗaya. A ƙirga ƙwan tsutsa a cikin kashinsu da madubin likita, bayan mako biyu a sāke ƙirgawa. Gwaji a kan dabba ne ya tabbatar da tazargade a ƙasar Sin a 1971. Tu Youyou da abokan aikinta sun gwada tsime-tsime a kan ɓerayen da aka sa wa cutar cizon sauro, sai na 191 ya ci. Sun kuma gane tafasawa tana rage ƙarfinsa. Mu kuwa me muke bari ba mu tafasa ba?

Cibiyar binciken magungunan itatuwa tana nan a Mampong-Akuapem tun 1975, cibiyar Noguchi kuma a Legon tun 1979. Daga Nima zuwa Legon ba ta kai tafiyar yini ba. Shugabannin Zango da na ikkilisiya su tara kwalaben nan, su nemi a gwada, a karanta mana sakamakon da Hausa. Kafin ranar, wanda ya zo ƙofata da kwalba zan tambaye shi wa ya ƙirga ƙwan.