Bayan BAC: ina matasan Konni, Malbaza da Illela masu wasanni ke dosa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BAC ya fito, akwai wani rukunin ɗalibai a Birnin Konni, Malbaza da Illela da ba a cika magana a kansu ba: waɗanda suka yi suna a ƙwallon ƙafa, guje-guje ko kokowa tun suna CEG. Damuwarsu ita ce inda za su ci gaba da karatu ba tare da sun jingine wasa ba.

A Amurka jami'o'i ne ke zawarcin irin wannan ɗalibi, su ba shi bursu ƙarƙashin hukumar NCAA. Shi kuma sai ya auna koci, fannin karatu, nisan gida, da ko zai riƙa shiga fili ko a benci zai ƙare. Tun 2021 ma an halatta wa ɗaliban samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu. A Nijar kuwa, hukumar ANAB sakamakon jarrabawa take dubawa wajen raba bursu. Saboda haka matashin jahar Tahoua hanyar rayuwa yake zaɓa gaba ɗaya, kuma hanyoyin huɗu ne.

Ta farko ita ce jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua ko ta Abdou Moumouni da ke Yamai. Digiri na nan, amma wasa kan koma abin yamma bayan darasi, cikin shekarun da ɗan wasa ya fi buƙatar horo kullum.

Ta biyu ita ce makarantar INJS ta Yamai, mai horar da malaman motsa jiki da jami'an kula da matasa. Nan ne wasa da takarda suka fi haɗuwa, domin wanda ya gama yana da sana'a ko da gwiwa ta ci amanarsa. Sai dai shiga ta gasar jarrabawa ce, kuma Yamai na da nisan sama da kilomita 400 daga Konni. Iyalin da ba shi da ɗan'uwa a babban birnin sai ya yi lissafin haya da abinci, lamarin da ya fi tauye ƴan mata.

Ta uku ita ce kaki. Yawancin manyan kulob na Nijar na hukumomin tsaro ne ko na ma'aikatun gwamnati: AS FAN ta sojoji, AS GNN, USGN ta jandarmomi, AS Police, AS Douanes. Abin da ke jan matashi can shi ne horo na kullum da fatan samun aiki. Daga AS FAN Moussa Maâzou ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, sannan CSKA Moscow a 2009. Amma labarin Maâzou ake ji, ba a jin na waɗanda rauni ya zaunar kafin su kai ko'ina.

Ta huɗu tana bayan iyaka. Sakkwato ta fi Yamai kusa da Konni nesa ba kusa ba, kuma jami'o'in Najeriya na da gasarsu ta NUGA. Cikas ɗin shi ne Ingilishi da bambancin takardun shiga. Rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wadda ba a buɗe ba sai Maris 2024, ya nuna yadda siyasa ke iya katse karatun ɗalibi cikin kwana ɗaya.

Gaskiyar magana, da yawa ba sa ma kaiwa wannan mararraba. Tun wajen BEPC ake rasa su, lokacin da wani ya zo da alkawarin gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, iyaye su sayar da gona ko dabba. Dokar FIFA ta hana sauya wa yaro kulob zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu ƴan sharuɗɗa ƙalilan. Duk uban da aka nemi kuɗinsa don fitar da ɗan shekara 15, ya kamata wannan kaɗai ya sa shi dakatawa.

Hazaƙa ba ta yi ƙaranci ba. Issaka Daboré ya kawo wa Nijar tagulla a dambe a gasar Olamfik ta 1972, Abdoulrazak Alfaga ya kawo azurfa a taekwondo a 2016, amma a Jamus Alfaga ya samu horon da ya kai shi can. Abin da ya rage a gida shi ne tsari: gasar makarantu da ba ta yankewa, da ƴan guraben bursu ga zakarunta bisa sharaɗin cin jarrabawa. Hukumomin gundumomin uku, ƴan kasuwar Konni da kamfanin siminti na Malbaza na iya ɗaukar nauyin ɗalibai kaɗan a shekara ba tare da jiran Yamai ba.