Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jama'ar Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, yau za mu taɓo maganar da ba a son yi a zaure, watau maganar zubar da ciki da matan da ke rasa rayukansu ta dalilinsa. Mun san magana ce mai nauyi, amma nauyin baki bai kai nauyin makara ba.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. A Arewa ana aiki da Final Kod tun 1960, a yawancin jihohin Kudu kuwa da Kiriminal Kod wadda Turawa suka kafa a 1916. Duka biyu sun haramta zubar da ciki sai fa don a ceci ran uwa. Ta Kudu ta yanka ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi aikin, shekara 7 ga matar, shekara 3 ga wanda ya ba da kayan aikin. A 1981 an kawo shirin sassauta dokar gaban Majalisar Tarayya, aka yi watsi da shi. A watan Yuni na 2022 Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin da likitoci za su bi in ran uwa yana cikin haɗari, amma da surutu ya yi yawa sai Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su a watan Yuli.

To, shin tsananin doka ya hana abin? Bai hana ba, sai dai ya tura shi cikin duhu. Binciken da Cibiyar Guttmacher ta Amurka ta yi tare da masana na Badun ya ƙiyasta cewa a 2012 an zubar da ciki miliyan 1.25 a ƙasar nan. Mata 212,000 aka yi wa magani saboda lahanin da ya biyo baya, wasu 285,000 kuwa sun jikkata amma ba su sami magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in na duniya duka.

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan mata marasa kamun kai ce. A cikinsu akwai matan aure da suka yi kwanika, ga goyo a baya ga wani cikin, ga ɗaki ɗaya na haya. Akwai yarinyar da aka yi wa fyaɗe wajen talla. Waɗannan su ne ke faɗawa hannun mai kemis da bai san awon magani ba, ko mai jiƙe-jiƙe, ko likitan ƙarya mai aiki da ƙarfe marar tsabta a bayan kanti. Ƙarshen abin zubar jini ne, ko ruɓewar mahaifa, ko hujewar hanji, ko rashin haihuwa har abada.

Ra'ayinmu shi ne: kowane irin hukunci mutum ya yanke a zuciyarsa game da zubar da ciki, macen da jini ya ɓalle mata wajibi ne a kai ta asibiti nan take. Ba dokar da ta hana a yi mata magani. Hasali ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Ban da haka, ɓari na Allah da cikin da aka zubar alamunsu kusan ɗaya ne, maganinsu ma ɗaya ne: wankin mahaifa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin jini in ta kama. Saboda haka duk lokacin da muka tsaya bincike da tsegumi, muna iya kashe matar da ɓari kawai ta yi.

Mu baƙi abin ya fi tsananta a kanmu. A gida mace tana da uwa da inna da ungozomar da ta sani. A nan kuwa tana cikin kulle, ba ta jin Yarbanci ko Ibo ko Turanci, maigida yana kara wajen shanu ko ya tafi da mota Arewa, ita kuma ba ta fita sai da izni. Haka za ta kwana biyu tana zubar da jini tana jira. Abin takaici, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, maƙwabcin unguwar Hausawa, na Jami'ar Badun ma ba shi da nisa da Sabo. Ashe ba nisan hanya ke kashe mu ba, kunya ce da jinkiri.

Kowa ya riƙe alamun nan: jini mai yawa da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, fitar ruwa mai wari, jiri ko suma. In an ga ɗaya daga ciki, ba a jiran gari ya waye. Kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha ko aka yi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muna kira ga magidanta, kowa ya ba iyalinsa izni tun yau cewa in ciwo ya tashi ta tafi asibiti ko ba ya nan, ya kuma ajiye mata kuɗin mota. Muna kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo da sauran zangonni, su kafa asusun gaggawa, su zaɓi dattijan mata masu jin harshen gari su riƙa raka marasa lafiya suna yi musu tafinta, su kuma jera sunayen samarin da za su ba da jini. Malamai kuma su tuna wa jama'a a wa'azi cewa ceton rai da suturta asirin ɗan'uwa aikin lada ne. Gwamnatocin jihohi su sa a yi bayanin lafiyar mata da Hausa a asibitocin da ke kusa da unguwanninmu.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Kakanninmu sun san tazarar haihuwa, shi ya sa mace ke shayarwa shekara biyu. Yau akwai allura da ƙwayoyi da sauran hanyoyi a asibitocin gwamnati, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 kaɗai na matan aure ke amfani da su. Miji da mata su je tare su nemi shawara, domin cikin da aka shirya masa ba a neman zubar da shi.

Allah ya kiyaye mana iyalinmu, ya mai da mu gida lafiya.