Ɗaga Hilux sama ba ya ƙara mata ƙarfi

Daga shataletalen Gawon Nama zuwa titin Ahmadu Bello, idon Sakkwatawa ya fara sabawa da wani sabon salon mota: Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da aka ɗaga ta sama har sai fasinja ya yi tsalle kafin ya shiga, tayoyinta sun fito waje kamar na tarakta. Mai ita zai ce hanyar gonarsa ce ta tilasta masa. Mai sayar da kayan ɗagawa zai ƙara da cewa yanzu motar ta fi ƙarfi, ta fi ɗaukar kaya. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyun ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da kan ci rai.

Abin da kanikawa ke kira ƙafar mota abu biyu ne ke riƙe da shi. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shokozoba kuma ke hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. Tun daga ƙirar 2005, kowace tayar gaban Hilux tana motsi ita kaɗai a kan naɗaɗɗen sifirin, bayanta kuma ganyayen sifirin ne a kan aksil guda. Hanyoyin ɗaga ta uku ne. Akwai mai cusa zobe a saman sifirin na gaba da tubalin ƙarfe tsakanin na baya da aksil. Akwai mai kai wa maƙeri ganyayen ya ƙara masu lanƙwasa, ko ya ƙara wasu da aka ciro daga matacciyar mota. Sannan akwai mai sayen cikakken saiti, sifirin da shokozoba da aka ƙera don su yi aiki tare. Biyun farko sun fi yawa saboda arha, araha kuwa ba ta ado.

Ko wanda ya sayi saiti mai tsada ya kamata ya san abin da kuɗinsa bai saya masa ba. Abin da ya fi kusa da ƙasa a ƙarƙashin motar shi ne tulun ƙarfen da ke tsakiyar aksil ɗin baya. Wannan tulu a kan tayoyi yake zaune, don haka ko an ɗaga jikin mota inci 6, yana nan inda yake, kuma shi ne zai fara noman tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar hanya lokacin damina. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Wanda ya cire taya mai tsayin inci 30 da rabi ya sa mai inci 33, tazarar da ya ƙara kimanin santimita 3 ce kawai, domin rabin bambancin ne kawai ke ƙasa da aksil.

Batun kaya ya fi wannan muni. Hilux an ƙera ta ne don ɗaukar kimanin tan guda, kuma a cikin lissafin har da direba da fasinjoji. Tan guda buhu 20 ne na simintin Kalambaina. Ƙarin ganyen sifirin yana hana bayan mota durƙushewa, shi ya sa mai ita ke ɗauka ta ƙara ƙarfi, har ya loda buhu 30. Amma birki na da ne, shasi na da ne, boris ɗin taya na da ne. Durƙushewar nan da ya kawar ita ce gargaɗin da motar ke yi masa cewa kaya sun yi yawa. Ya toshe bakin mai gargaɗi, haɗarin kuma yana nan.

Sai babban lamarin, wato kifewa. Masu raƙuma sun daɗe da sanin cewa kaya a gefe biyu ake rataya su, a saukar da su ƙasa-ƙasa, domin abin da aka tula a sama shi ke rinjayar dabba. Haka mota take. Duk incin da aka ƙara mata yana ɗaga tsakiyar nauyinta, yana rage kaucewar da za ta iya yi ba tare da tayoyin gefe guda sun bar ƙasa ba. A 2016, mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux a gwajin kauce wa dabba ba zato, motar ta tashi a kan tayoyi biyu a gudun kimanin kilomita 60 a awa. Wannan motar da ta fito daga kamfani ke nan, ba a taɓa ƙafarta ba. Sai a auna wadda aka ƙara wa tsawo, aka tula mata buhunan albasa daga Goronyo, leburori na zaune a samansu, saniya ta ɓullo a hanyar Wurno. Waɗanda ke kan buhunan ba su aka tambaya ba ranar da aka zaɓi saitin.

Manyan tayoyi ma da nasu harajin. Taya mai inci 33 ta fi ta asali da kusan kashi 8 cikin ɗari, saboda haka idan agogon gudu ya nuna 100, motar tana kusa da 108. Birki yana shan wahala kafin ya tsayar da ita, inji yana ƙara shan mai, tun bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa babu wanda ke raina lita guda. A cikin gari, fitilar motar da aka ɗaga tana dukan idon mai tahowa kai tsaye, bambarta kuma tana daidai ƙirjin ɗan kabu-kabu da fasinjan Keke Napep.

Duk da haka, masu ɗagawa ba su rasa hujja ba. Wanda ke shiga fadamun gulbin Rima a watan Agusta, ko ya ratsa ƙauyukan Gudu da Tangaza, ya san cikin mota na bugun ƙasa, kuma sifirin kamfani na gajiya a ƙarƙashin kayan kullum. Buƙatar gaskiya ce. Maganinta dai ƙanƙane ne, bai kai abin da ake tallatawa ba. A Ostareliya, ƙasar zafi da dogayen hanyoyin burji inda ake ƙera saiti irin su Old Man Emu da Dobinsons, a yawancin jihohi ɗaga ƙafar mota fiye da milimita 50, wato inci 2, sai da takardar injiniya. Saitin inci 6 da ake gani a Ford F-250 da Ram 2500 a bidiyon Amurka na wata mota ne, mai wani faɗi, a wata hanya. A gaban Hilux, da zarar an wuce inci 2 sai shaf da boljoyin su koma aiki a karkace, su riƙa mutuwa kafin lokacinsu.

Saboda haka zaɓi yana farawa ne daga nauyin da motar ke ɗauka kullum, domin a kansa ake ƙera sifirin. Sifirin kaya masu nauyi a motar da ke yawo wayam yana sa bayanta tsalle, taya ta daina kama ƙasa. Shokozoba ya zama an yi shi daidai da tsawon wannan sifirin, mai faɗin ciki da yawan mai, don a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, ƙaramin shokozoba kan yi zafi a hanyar burji ya daina aiki. Bayan ɗaurawa a duba ko bututun birki ya isa, a daidaita tayoyin gaba, a sunkuyar da fitila. A rairayi kuwa, rage iskar taya ya fi kowane tsawo amfani, kuma kyauta ne.

Jami'an duba motoci da hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, suna da hurumin tambayar motar da aka sauya wa ƙira, kamar yadda suke tambayar takardu. Ma'aikatu da kamfanonin da ke sayen Hilux da yawa su rubuta iyakar ɗagawa a takardar kwangila. Mai mota kuma, kafin ya biya, ya tambayi mai sayarwa nauyin da aka ƙera sifirin ya ɗauka. Idan amsar ita ce motar za ta yi kyau, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya sayi tayoyi masu ƙwari da sabon birki.