Rinewar Yaro Ba Cuta Ba Ce

A Kambarawa, kamar sauran unguwannin Katsina, akwai maganar da ake jefa wa uwa a gidan biki ko gidan suna, wadda ta fi zagi ciwo: "Ke kuwa Maman Khalifa, ya aka yi yaron nan ya rine haka? Ai fari tas kika haife shi." Uwa ta koma gida rai a jagule, ta ɗora wa rana laifi, washegari ta aika a sayo mata haɗin mai. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne illar rana ga yaro ita ce ta baƙanta shi, maganin kuma shi ne man da zai dawo masa da haske. Wannan ra'ayi kuskure ne babba, kuma yaran da ba su da bakin ƙi su ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Kusan kowane jaririnmu da haske ake haihuwarsa. A watannin farko ne launinsa na gado ke fitowa, ko da bai taɓa leƙa tsakar gida ba. Tsofaffinmu sun san haka, shi ya sa suke duba gefen kunnen jariri su ce ga inda zai tsaya. Shi kuwa yaron da ya tasa, musamman wankan tarwaɗa, da ke ƙara duhu da bazara, fatarsa ce ke ƙara fitar da sinadarin melanin don tare hasken rana mai ƙuna kafin ya yi ɓarna a ciki. Rinewar alama ce ta cewa yaron ya sha rana da yawa, ya kamata a rage masa. Amma ita kanta kariya ce da Allah Ya halitta masa.

Wannan kariyar ce man bilicin ke kankarewa. Haɗe-haɗen da ake durawa a robobi marasa suna, ake tallatawa a TikTok da Instagram da sunan "na yara ne, ba ya da illa", sau da yawa suna ɗauke da haidurokwinon, ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi, ko zaiba. Na farko yana hana fata yin melanin. Na biyu yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ƙuraje da makero su samu gurin zama, ciwo ya ƙi warkewa. Zaiba kuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa take taɓawa. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba tsotse abin da aka shafa mata, don haka abin da uwa za ta shafa ta kwana lafiya zai iya taɓa girman ɗanta. Bayan an gama sirantar da fatar, sai kuma a sake shi cikin ranar Katsina. Kamar a yaye rufin ɗaki ne ana tsakiyar damina.

Abin ya wuce tsegumin unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai, suka ƙare da ƙuna da tabo, kuma ta ce fifikon da ake nuna wa yara masu haske a dangi ne ya tura ta. Shi ya sa ba na yarda a tsaya kan uwa kaɗai. Kakar da ke ɗaukar farin jika ta kau da kai daga baƙin tana da hannu. Mijin da ya tashi yana faɗin "fara ko mayya ce" yana da hannu.

Ra'ayin cewa illar rana ita ce baƙanta yaro yana da wata ɓarnar da ba a lura da ita: tunda launi ake tsaro, baƙin yaro sai a ce ba abin da rana za ta yi masa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. A wannan zafin yaro yana rasa ruwan jiki da sauri fiye da babba, ya galabaita, wani har ya suma, ko wane launi gare shi. Dubi goyon da kansa ke lilo a rana tsaka a bakin titi ana jiran Keke Napep, ko 'yar talla da ƙarfe ɗaya na rana, ko ɗalibin da aka sa ya durƙusa a filin makaranta don horo. Wa ke yi wa iyayensu gori a gidan biki?

Kariyar gaskiya ba ta da tsada. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nema wa yaro inuwa, ko ta zaure ko ta bedi. A sa masa riga ta auduga mai dogon hannu, sakakkiya, da malfa ko hula mai baki, a riƙe wa goyo lema. A yawaita ba shi ruwa. Jaririn da bai kai wata shida ba kada rana ta taɓa shi kai tsaye, kuma nonon uwa akai-akai ya ishe shi, ba sai an ɗura masa ruwa ba. Man kaɗe yana laushin fata, amma ba ya tare rana. Wanda ya wuce wata shida, in da hali, a shafa masa man kariyar rana na gaskiya mai lambar SPF 30 ko sama, mai rajistar NAFDAC. Ga yaro zabiya wannan mai da malfa da tabarau dole ne kullum, domin kansar fata na kashe zabiya da yawa tun da ƙuruciyarsu.

Ina roƙon ma'aikatan jinya a Asibitin Turai Yar'adua da ƙananan asibitocin unguwanni su sa wannan cikin bayanin da suke yi wa mata ranar awo da ranar rigakafi. Masu makarantun boko da na Islamiyya a Kambarawa su daina tsayar da yara a rana, su dasa itatuwa a filayensu. Jami'an NAFDAC kuma su shiga kasuwanni da shagunan kayan kwalliya, su fara da robobin da aka rubuta wa "na jarirai".