An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kafin Ka Sayi Rautar Gem Mai Tsada

Duk wanda ya taɓa zama kusa da matashin da ke buga EA Sports FC ko Call of Duty ta intanet ya san irin ihun da kan biyo bayan daskarewar hoto. Ɗan wasa ya danna harbi, amma ƙwallo ba ta tashi ba sai da abokin hamayya ya ƙwace ta. A irin wannan lokaci laifi yakan faɗa kan abin da ya fi kusa da ido, wato rauta, na'urar nan mai ƙifta fitilu da ke rarraba intanet a cikin gida. Daga nan sai tallace-tallacen Facebook da YouTube su gabatar da magani: rautar gem mai eriya takwas, mai kama da gizo-gizo, wadda aka ce tana kawar da jinkiri. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan gidajen Zuba da sauran garuruwan da ke kewaye da Abuja, wannan na'ura ce ya kamata ta zo ƙarshe a jerin abin da za a saya.

Maganar ta wuce wasa, domin kuɗi ne masu yawa. Manyan samfura irin su ASUS ROG Rapture da Netgear Nighthawk da na sama-sama a jerin TP-Link Archer ana sayar da su a kan ɗaruruwan daloli. A canjin da aka gani a 2025, lokacin da dala ta yi ta kai-komo a kusa da naira 1,500, na'urar dala 600 ta kai naira 900,000 tun kafin a ɗora kuɗin dako da na kwastam da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan akwati ɗaya ya haura albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci. Mahaifin da ɗansa ya matsa masa, ko saurayin da ya yi watanni yana tari, ya cancanci ya san abin da kuɗinsa za su iya sayo masa da abin da ba za su iya ba.

Da farko, wasan gem ba ya cin data mai yawa yayin da ake buga shi. Abin da ke kai-komo tsakanin na'urarka da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke alƙalancin wasan, 'yan ƙananan saƙonni ne: ka matsa dama, ka yi harbi, ka faɗi. Kallon bidiyo a YouTube ya fi wannan cin data nesa ba kusa ba. Abin da wasa ke buƙata shi ne saƙon ya je ya dawo da sauri, kuma a kan ƙa'ida ɗaya ba tare da tangal-tangal ba. Wannan jinkirin amsa shi ne 'yar lambar nan da ke bayyana a kusurwar allo, ana auna ta da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Mutumin Zuba ba ya buƙatar dogon bayani kan bambancin tasha da hanya. A nan ne titin Kaduna da na Lokoja da na cikin birnin Abuja suka haɗu, kuma kowa ya san cewa ko an shafe tashar mota da tayil an sa mata fankoki, nisan Kaduna bai ragu da taku ɗaya ba. Rauta tasha ce. Ikonta ya tsaya a kan 'yan mitocin da ke tsakanin falo da ɗaki, alhali saƙon yana da tafiyar dubban kilomita a gabansa.

Bari mu yi lissafin. Haske yana tafiya a cikin wayar fiba da gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kilomita 200 a kowane milisakan. Daga Zuba zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa, akwai kimanin kilomita 700. Zuwa da dawowa milisakan 7 ke nan. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kilomita 7,000 tsakanin Legas da Fotugal. Zuwa da dawowa milisakan 70. Idan uwar garken wasan tana Frankfurt a Jamus, kamar yadda da yawa suke, sai a ƙara kusan milisakan 20. Jimilla ta doshi 100, kuma wannan a kan takarda ne, ba a lissafa cunkoso ko kewaye-kewayen hanya ba. A cikin wannan jimilla, abin da Wi-Fi mai lafiya ke ƙarawa a cikin gida 'yan milisakan ne kawai. Babu injiniyan da ya ƙera rautar da ke gajarta Tekun Atlantika.

Ranar 14 ga Maris 2024 ta koyar da wannan darasi ga duk mai son koyo. A ranar ne wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, har hada-hadar wasu bankunan Najeriya ta tsaya cak. Mai rautar naira 30,000 da mai ta miliyan ɗaya duk zaman jira suka yi tare.

Sai kuma tambayar da tallace-tallace ba sa yi: daga ina intanet ɗin zai shigo gidan? Galibin manyan rautocin gem ba su da ramin saka layin waya. An ƙera su ne domin gidajen da wayar fiba ta riga ta shiga, su karɓa su rarraba. Kamfanonin da ke shigar da fiba gida-gida a Abuja sun fi mayar da hankali ga unguwanni irin su Maitama da Wuse da Gwarinpa, yayin da mafi yawan mazauna Zuba suka dogara da layin waya. MTN ya fara 5G a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, Starlink kuma ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma kowannensu yana da tasa na'urar mai ba da Wi-Fi. Wanda ya sayi rautar gem zai jona ta ne a bayan ɗaya daga cikin waɗannan, ta zama na'ura ta biyu a layi ɗaya. Idan turken sadarwar unguwa ya cika da jama'a bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya buɗe waya, na'ura ta biyu ba ta da abin da za ta yi face ta raba ɗan abin da ta samu. Haka nan kamfanonin waya sukan tara masu amfani da yawa a ƙarƙashin adireshin intanet guda, abin da kan sa PlayStation ko Xbox su sha wahalar haɗuwa da wasu 'yan wasa. Wannan ma daga wajen kamfani yake, sauya rauta ba ya warware shi.

Lambobin da ake rubutawa a jikin kwali su ma suna buƙatar a karanta su da natsuwa. Samfurin ASUS mai suna GT-AX11000 ya samo lambarsa ne daga tara ƙarfin tashoshinsa uku: 1,148 da 4,804 da wani 4,804 na megabit a daƙiƙa, aka cike su zuwa 11,000. Babu waya ko kwamfutar da za ta samu wannan jimilla, domin kowace na'ura tasha ɗaya take kamawa a lokaci guda. Kuma idan layin da ke shigowa gidan megabit 30 yake bayarwa, 30 ɗin za a raba. Ban da haka, sai na'urar wasan ta iya yaren da rautar ke yi. An fara ba da shaidar Wi-Fi 6 a 2019, ta Wi-Fi 7 kuma a Janairun 2024. PlayStation 5 na asali ya tsaya a Wi-Fi 6, Xbox Series X kuwa a Wi-Fi 5. Mai ɗayansu da ya biya kuɗin Wi-Fi 7 ya ɗinka babbar riga ne ga yaron da bai isa sa ta ba.

Matsalar wuta kuwa ta fi duk waɗannan yawan katse wasa. A tsarin da hukumar NERC ta fitar a Afrilun 2024, 'yan rukunin A ne kawai aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, saura kuwa ƙasa da haka. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka sauya daga layin AEDC zuwa janareta, rauta takan mutu ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo, kuma kafin nan an riga an fitar da ɗan wasa daga fili. Ƙaramin batirin ajiya da ke riƙe rauta na wasu awanni bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin babbar na'ura ba, amma ya fi ta tasiri a kan wannan matsala. Babbar rauta ma ta fi ƙarama cin wuta, don haka ta fi saurin shanye batiri, ta fi kuma ɗaukar zafi a watan Maris da Afrilu. Ga tsawar damina da hauhawar wuta, waɗanda ba sa tambayar farashin abin da za su ƙona. Na'urar kariya daga hauhawar wuta wajibi ce kafin a jona kowane abu mai daraja.

Ginin gidajenmu ma yana da nasa hukuncin. Rautocin nan sun fi nuna ƙarfinsu a tashar gigahaz 5 da 6, kuma waɗannan tashoshi ba sa ratsa bango kamar tashar gigahaz 2.4. Bulon siminti da dakin mai rodi da ƙofar ƙarfe suna raunana su ƙwarai. Magani mafi inganci shi ne mafi araha: wayar intanet ta Cat6, wadda ke ɗaukar saƙo har tsawon mita 100 ba tare da damuwa da bango ko Wi-Fi na maƙwabta ba. PlayStation 5 da Xbox duk suna da ramin jona ta. A manyan gasannin gem na duniya, inda ake fafatawa a kan miliyoyin daloli, da waya ake jona kwamfutoci.

Adalci ne a faɗi abin da rauta mai kyau ke iya yi, domin akwai shi. A gidan da uwa ke kallon fim ɗin Kannywood, ƙanwa ke ɗora bidiyo a TikTok, uba kuma ke kiran bidiyo ta WhatsApp, saƙonnin wasa sukan maƙale a bayan manyan kaya, jinkiri ya yi tsalle daga 100 zuwa ɗaruruwa. Rauta mai tsara layi tana yin aikin ɗan kamasho nagari: ta wuce da ƙaramar mota mai sauri kafin tirela ta tare ƙofa. Wannan amfani ne na gaske. Sai dai ana samun sa a samfura masu matsakaicin farashi, ba sai an kai ga masu fitilu kala-kala ba. Wanda zai ci ribar babbar na'ura shi ne mai fiba mai ƙarfi a gida, mai na'urori da yawa da ke aiki lokaci guda, ko mai gidan gem da ke neman abinci da sana'ar. Shi ma ya kamata ya tambayi ko kamfanin yana ci gaba da sabunta manhajar samfurin, musamman idan na hannu ne, domin tsohuwar rautar da aka daina sabuntawa ƙofa ce a buɗe ga masu kutse. Ya kuma nemi rasit da garanti a rubuce, ko a Banex ya saya ko ta intanet.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma shi ya kamata ya riga kowane ciniki. Ka jona na'urar wasan da waya kai tsaye, ka rubuta lambar jinkiri da safe da kuma tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, har tsawon mako guda. Sannan ka maimaita ta Wi-Fi. Idan lambobin biyu sun yi kusa, rautarka ba ta da laifi. Idan dare ya fi safiya muni, cunkoson turke ne, sai ka ari layin wani kamfani ka gwada, domin sabis yakan bambanta daga wannan layin gidaje zuwa wancan. Idan jinkirin yana tashi ne kawai lokacin da mutanen gida suka hau intanet, a nan ne sauya rauta zai biya kuɗin sabulu. Tsarin sayayya ke nan: layi mai kyau, sai batiri da kariyar wuta, sai waya, sannan rauta daidai da abin da ya rage.

Sauran gyaran yana hannun hukuma da kamfanoni, kuma a can ya kamata a kai ƙorafi. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane da 10 a karkara. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fiba, a Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari, bisa sharaɗin inganta sabis. Mazauna Zuba, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Babban Birnin Tarayya da ke garin, da 'yan kasuwar kayan marmari masu jiran alat ɗin banki, suna da haƙƙin tambayar yaushe wannan waya za ta iso unguwanninsu. Lambar ƙorafi ta NCC, 622, kyauta ce. Ranar da fiba ta shigo gari, kamfanonin wasanni kuma suka ajiye uwayen garkensu a Legas ko Abuja, lissafin milisakan 100 zai faɗo ƙasa da 20, kuma a lokacin ne zancen wace rauta ta fi wata zai zama zance mai nauyi. Kafin nan, mai naira 900,000 a hannu ya fara da sayen waya mita goma.